Amsata kan gardamar Iron Maiden: waƙoƙin tashe ko waɗanda aka jingine?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na saurari muryoyin da aka yi ta turowa tun daren jiya, kuma tun da Yaya ya ce in faɗi ra'ayina, to ga shi, sai dai a yi mini haƙuri domin maganar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanina ya ce ya gaji da ganin Iron Maiden, ƙungiyar mawaƙan heavy metal ta Ingila, suna rufe wasanninsu da waƙoƙin da kowa ya haddace, alhali ƙungiyar da Steve Harris ya kafa a gabashin Landan tun 1975 tana da kundin waƙoƙi har 17, a cikinsu kuwa akwai waƙoƙi da dama da ba a taɓa rerawa a dandamali ba. Yaya kuma ya ba shi amsa cewa wanda ya sayi tikiti da guminsa ba darasi ya zo ɗauka ba, ya zo ne ya ji abin da ya sa ya kamu da son ƙungiyar tun farko. Na fi karkata ga maganar Yaya, amma akwai inda zan rabu da shi, kuma zan zo wurin.

Ƙanina, fara duba lissafin lokaci, domin shi ne ake yawan mantawa idan gardama ta yi zafi. Wasan Iron Maiden bai cika wuce awa 2 ba, abin da suke rerawa a ciki kuma waƙoƙi 15 ne zuwa 17. Waƙoƙin da suka yi musu tashe a farkon shekarun 1980 gajeru ne: Run to the Hills ba ta cika minti 4 ba, The Trooper ta ɗan haura 4 kaɗan. Waɗanda kake roƙo kuwa akasarinsu dogaye ne. Alexander the Great ta kai minti 8 da rabi, Rime of the Ancient Mariner ta haura 13. Ke nan duk lokacin da aka saka maka ɗaya daga cikin dogayen, an cire wa wani mutum waƙoƙi 2 ko 3 da ya zo dominsu. Ba na cewa kada a yi hakan, ina dai so mu san cewa akwai wanda yake biyan kuɗin jin daɗinka, kuma yana nan tsaye kusa da kai a cikin filin.

Sai tambayar su wane ne suka fi yawa a filin, masu irin ra'ayinka ko masu irin na Yaya. Hausawa sun ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, to a wannan batu akwai ƙasa, domin Metallica, wata ƙungiyar mawaƙan metal ta Amurka, sun taɓa gwadawa. A 2014 sun yi rangadin da suka bai wa masu tikiti damar kaɗa ƙuri'a ta intanet su zaɓi waƙoƙi 17 daga cikin 18 da za a rera a garinsu, ta 18 ɗin kuma sabuwar waƙa ce da ƙungiyar ta zaɓa da kanta. An buɗe musu duk abin da ƙungiyar ta taɓa fitarwa, babu abin da aka ɓoye. Daga Bogota ta ƙasar Kolombiya inda aka fara har zuwa biranen Turai, abin da ya riƙa fitowa a sama shi ne Master of Puppets da One da Enter Sandman da Nothing Else Matters, wato waƙoƙin da dama can za a rera ko da ba a tambayi kowa ba. Masu kukan an gaji da maimaici sun sami akwatin zaɓe a gabansu, sai ga shi an rinjaye su gari bayan gari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da yake bin ƙungiya daga wannan ƙasa zuwa waccan, yana rubuta jerin waƙoƙin kowane dare yana kwatantawa, shi ne mai yawan magana a intanet, amma a filin da ya ɗauki mutum dubu 50 ba shi da yawa. Mafi yawan mutanen da ke wurin sun zo ne karo na farko ko na biyu, wasu da 'ya'yansu, wasu kuma sabbin shiga ne, kamar matasan da suka gano Master of Puppets a 2022 bayan an saka ta a wani shirin talabijin na Amurka, shekara 36 da fitowarta.

Gaskiya dai ita ce zaɓen bai tashi a banza ga ɓangarenka ba. A Helsinki ta ƙasar Finlan masoya sun haɗa kai suka tura The Frayed Ends of Sanity, waƙar kundin 1988, har aka rera ta cikakkiya karo na farko a watan Mayun 2014. Amma ka lura da cewa waƙa ɗaya ce a tsakiyar sanannu, kuma abin da ya sa aka yi ta zancenta ke nan.

Akwai kuma batun gari da gari, wanda a ganina ya fi komai nauyi. Mutumin Landan ko na Jamus yana ganin Iron Maiden kusan duk bayan shekara 2, saboda haka idan an hana shi wata waƙa bana zai same ta baɗi. Mutumin Afirka ta Kudu kuwa ya gan su a 1995, lokacin da Blaze Bayley ne mawaƙinsu, bai sake ganinsu ba sai a 2016, lokacin da suka zo Kef Tawun da Johannasbag tare da mawaƙinsu Bruce Dickinson. Shekara 21 yana jira. A wannan rangadi na kundin The Book of Souls, waƙoƙi 6 daga cikin 15 sababbi ne, ɗaya daga cikinsu ma ta haura minti 13, kuma Run to the Hills ba ta cikin jerin. Ina ganin a nan an ɗan tauye wa mutumin nan haƙƙinsa. Matsalar ita ce Iron Maiden ba su cika sauya jerin waƙoƙinsu daga dare zuwa dare ba, saboda wasansu a ɗaure yake da fitilu da wuta da labulen baya da fitowar dodon nan nasu Eddie, kowane abu da daƙiƙarsa. Abin da aka tsara wa wanda ya ƙoshi shi ake kai wa wanda ya daɗe da yunwa.

Yanzu ga inda na rabu da Yaya. Yaya, da a ce ƙungiyar ta bi shawararka ɗari bisa ɗari tun da Dickinson da makaɗin gita Adrian Smith suka dawo cikinta a 1999, da yanzu ba ta da wani abin da za ta nuna sai tsohon tarihi. Makaɗin da ya shekara 40 yana kaɗa waƙa ɗaya kowane dare hannunsa yana iya yi ba tare da zuciyarsa tana wurin ba, kuma masu kallo suna gane hakan ko ba su faɗa ba. Abin da ya raya Iron Maiden shi ne karɓa-karɓar da suke yi: rangadi ɗaya na sabon kundi, na gaba na tsofaffin waƙoƙi. A 2005 sun taƙaita ga kundayensu 4 na farko. A 2006 suka rera sabon kundinsu A Matter of Life and Death gaba ɗayansa, waƙoƙi 10 a jere, kafin su taɓa tsohuwa ko ɗaya, abin da ya raba kan masoya ƙwarai. Ni ma ina ganin sun wuce gona da iri a wannan karon, domin fiye da awa guda mutum yana tsaye yana sauraron abin da bai daɗe da fitowa ba. Amma a 2008 suka biya bashin da rangadin da ya fara daga Mumbai ta Indiya, wanda kusan dukkansa waƙoƙin shekarun 1980 ne, Dickinson da kansa yana cikin matuƙan jirgin da yake ɗauke da su da kayansu. A 2018 suka dawo da Flight of Icarus wadda rabonsu da ita tun 1986, suka haɗa da waƙoƙi 2 na zamanin Bayley da mutane da yawa suka ɗauka an binne su.

Rangadin 2023 shi ne misalin da na fi so mu tsaya a kai, domin a takarda ya fi na 2016 tsauri, amma ban ga laifinsa ba. Waƙoƙi 15 ne, 5 daga Senjutsu na 2021, 5 daga Somewhere in Time na 1986, sauran 5 daga wasu wurare. Babu Run to the Hills, babu The Number of the Beast, babu Hallowed Be Thy Name. A daren farko, ranar 28 ga Mayu a birnin Lubliyana na Sulobeniya, suka rera Alexander the Great karo na farko a tarihinsu, bayan shekara 37 masoya suna roƙo. Abin da ya wanke su a wurina shi ne tun watanni kafin a fara, lokacin da ake shelar rangadin, sun faɗa ƙarara cewa waɗannan kundaye 2 ne za su mamaye wasan. Wanda ya sayi tikiti ya san abin da ya saya. Wanda ba ya so kuma bai yi dogon jira ba, domin a 2025 suka fito da rangadin cika shekara 50 wanda suka ce daga kundayensu 9 na farko kawai za su ɗebo, daga na 1980 zuwa na 1992. Ko a 2023 ɗin ma ba su bar The Trooper da Fear of the Dark da Wasted Years a gida ba.

Kada kuma mu manta da cewa mutanen nan sun manyanta. Waƙar da aka jingine shekara 30 sai an sake koyonta daga tushe, kuma da yawa an rubuta su ne lokacin da makaɗan suke da ƙarfin 'yan shekara 30. An yi wa Dickinson maganin ciwon daji a harshe a 2015. Mai gangunansu Nicko McBrain ya sami shanyewar ɓarin jiki a watan Janairun 2023, ya lallaɓa ya yi rangadin, sannan ya ajiye tafiye-tafiye a Disambar 2024 bayan wasan Sawo Paulo. Wannan hujja ce mai kaifi biyu: tana nuna cewa ba kowace tsohuwar waƙa jiki zai iya ɗauka ba, tana kuma nuna cewa wadda ba a rera yanzu ba wataƙila ba za a taɓa rera ta ba. Idan lokaci ya ƙure kuwa, sanannun ne suke saura. Da Black Sabbath, wata tsohuwar ƙungiyar metal ta Ingila, suka yi wasansu na bankwana a Bamingham a watan Yulin 2025, waƙoƙi 4 kacal suka rera, dukkansu daga kundayensu 2 na 1970, kuma babu wanda ya yi tsammanin wani abu daban.

Wani zai kawo dabarar Metallica ta 2023, wato dare 2 a gari ɗaya ba tare da maimaita waƙa ko ɗaya ba. Dabara ce mai kyau ga mai hali, domin tana buɗe gurbin waƙoƙi fiye da 30. Sai dai wanda kuɗinsa na dare ɗaya ne zai sami Master of Puppets ya rasa Enter Sandman, ko ya sami wannan ya rasa waccan, saboda an raba su tsakanin dararen. Ta magance kukan ƙanina, ba ta magance na Yaya ba.

Da ni za a bai wa alƙalami in tsara dare ɗaya mai waƙoƙi 15 a babban fili, zan ware 8 ko 9 ga sanannu, 3 ga sabon kundi idan akwai, sauran kuma ga waɗanda aka daɗe ba a ji ba, a riƙa sauya su daga rangadi zuwa rangadi. Idan za a karkata fiye da haka, to a rubuta a jikin talla tun kafin a buɗe sayar da tikiti. Garin da aka shekara 10 ba a je ba kuma a ƙara masa sanannu 2, ko da hakan zai sa masu fitilu su sake shiri. Ƙanina, ka turo mana waƙoƙi 3 da kake so a dawo da su, tare da waɗanda za ka cire domin su sami wuri, sai Yaya ya gaya mana ko ya yarda. Wassalamu alaikum.