Ciyawa gaba, hatsi baya: amsoshin masu dawaki da masu kiwon zomo

Tun da aka sauko daga hawan Sallah tambayoyi suka taru mini, wasu daga masu dawaki, wasu daga masu kejin zomaye a bayan gida. Da gangan na haɗa su wuri guda. A ido babu abin da ya haɗa ingarma da zomo, amma a ciki ƙirarsu ɗaya ce. Dukansu ba sa tuƙa kamar saniya da tunkiya, dukansu ba sa iya amai, kuma a can bayan hanji, cikin wata babbar jaka cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, suke narkar da ciyawa. Yawancin asarar da ake kawo mini kuka a kanta daga ɓata wa waɗannan ƙwayoyi zama take farawa.

Daga Katsina: "Mako biyu kafin Sallah na ninka wa dokina dawa don ya yi kyan gani. Ya yi hawa lafiya, amma kwana biyu bayan nan ya ƙi takawa, yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya. Sammu ne ko tsautsayi?"

Ranka ya daɗe, ba sammu ba ne, dawar ce. Na sha ganin wannan tsayuwar a barga bayan Sallah: doki ya tura ƙafafun gaba, ya mayar da nauyinsa kan na baya, gumi na keto masa, in ka dafa kofaton ka ji ɗumi, jijiyar da ke bayan idon sawu tana harbawa da ƙarfi. Naman da ke riƙe da kofato a jikin ƙashi ne ya kumbura daga ciki, kuma zafinsa ba kaɗan ba ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Tumbin doki ƙarami ne in aka gwada da girman jikinsa, bai fi ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba. An halicce shi ne ya wuni yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. In ka juye masa tiya biyu ta dawa a zama ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da ita, sai ragowar ta gangara cikin jakar nan ta baya, ta yi tsami, ta kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa. Dafin da ya fito daga nan shi ke bin jini ya sauka a kofato. Wani dokin kuma ba a kofato abin ke bayyana ba, murɗar ciki ce ke kama shi, ka ga yana waiwayen ciki, yana tonon ƙasa, yana birgima. Tunda ba ya amai, babu ta inda kayan zai dawo.

Yanzu dai a janye hatsi gaba ɗaya, a bar shi da busasshiyar ciyawa da ruwa. Kada a hau shi, kada a tilasta masa yawo da sunan warware ƙafa. A zuba masa yashi mai laushi a inda yake tsayawa, a riƙa sanya ƙafafun cikin ruwan sanyi, da ƙanƙara in an samu, sannan a kira likitan dabbobi yau ɗin nan. Jinkiri ne ke sa ƙashin cikin kofato ya juya, daga nan sau da yawa dokin ba ya sake komawa daidai.

In ya tashi, ga lissafin da nake bai wa kowa. Doki na cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini. A ɗauka naka kilo 350 ne, abincinsa wajen kilo 7 ke nan, kuma aƙalla kilo 5 daga ciki ya zama ciyawa: ingirici, harkiya, kyasuwa, gadagi, da harawa. Abin da ya rage shi ne hatsi da dusa, a raba sau biyu ko uku, kada ciyarwa ɗaya ta wuce kilo ɗaya da rabi. A ɓarza dawar ko masarar, domin tsaba gudanta takan fito a kashi yadda ta shiga. Ciyawa a fara ba shi, hatsi ya biyo baya. Wanda ke son dokinsa ya cika ido ranar hawan daushe, tun wata biyu kafin nan zai fara, yana ƙara ɗan kaɗan duk bayan kwana uku ko huɗu, yana kuma motsa shi kullum. Ranar da dokin zai wuni a turke ba aiki, a rage hatsin da rabi.

Daga wata baiwar Allah a Zariya: "Zomayena suna haihuwa lafiya, amma da na raba 'ya'yan da uwa sai zawo ya kama su, cikinsu ya kumbura, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Dusar masara nake ba su da ɗanyen ganye, na kuma zuba musu maganin kafso a ruwa."

Hajiya, wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, don na san irin wahalar da ake sha kafin a kai su yaye. Abu uku ne suka haɗu miki.

Na farko, lokacin kansa. Daga yaye zuwa wajen mako goma da haihuwa cikin ɗan zomo bai gama zama ba, ƙwayoyin cikin jakar hanjinsa yanzu suke kafuwa. Dusar masara zalla, musamman mai gari da yawa, tana yi masa abin da dawa ta yi wa dokin can na Katsina. Abin da hanjin zomo ke so shi ne abu mai kaushi da zai riƙa tura abinci gaba. Saboda haka harawar gyada ko busasshiyar ciyawa kada ta yanke a kejin, dare da rana. Ki ɗaure ta da waya ki rataye a jikin keji, kada ta taɓa ƙasa su yi mata fitsari. Haƙoran zomo ma tsiro suke yi duk tsawon rayuwarsa, wajen milimita 2 a mako, tauna wannan harawar ce ke goge su.

Na biyu, ɗanyen ganye. Ganyen dankalin Hausa, na zogale, na wake, duk abinci ne masu kyau, amma ba wanda aka yanko da raɓa aka watsa musu nan take ba, ba kuma wanda ya kwana a buhu ya ɗau zafi ba. Ki yanko da safe, ki baza a inuwa ya yi yaushi, ki ba su da yamma. Ƙananan ki fara musu da ɗan kaɗan, iri ɗaya, ki ga yadda kashinsu ya fito kafin ki ƙara. Ganyen tumatir, na dankalin Turawa, tumfafiya da zaƙami kuwa kada su kusanci keji. Ki kuma tabbata ba a yi feshi ba a inda yara ke yanko miki ciyawar.

Na uku shi ne kafson nan, kuma ina roƙonki ki daina. Magunguna irin su amfisilin, amoksisilin da linkomaisin, in zomo ya sha su ta baki, suna share ƙwayoyin cikinsa masu amfani su bar mugaye su yi yawa, ya mutu da zawon da ake neman tsayarwa. Mutane da yawa sun ƙarasa zomayensu da hannunsu ta wannan hanyar, da kyakkyawar niyya. Akwai kuma cutar koksidiya da ke yaɗuwa ta kashi, ita ma a wannan lokaci na bayan yaye ta fi kisa. Ki kai wanda bai daɗe da mutuwa ba wurin likitan dabbobi ya buɗe ya duba hanji da hanta. Kuna kusa da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, suna da masu aiki a kan zomaye.

Game da yaye, ki bar su da uwa su kai mako biyar zuwa shida. Ranar rabuwa uwar za ki ɗauke, su ki bar su a kejin da suka saba, da abincin da suka saba. Haɗin da nake bayarwa a kilo 10 shi ne: dusar alkama kilo 4, ɓarzajjiyar masara kilo 2, niƙaƙƙiyar harawar gyada kilo 2, gasasshen waken suya kilo 2, gishiri giram 50, garin ƙashi giram 150. Wannan ya dace da uwa mai shayarwa, wadda ke buƙatar furotin kashi 17 zuwa 18 cikin 100. Na 'yan yaye ki rage masarar da kilo ɗaya ki mayar da gurbinta da harawa. Waken suyan dole a gasa shi, ɗanyensa na hana narkewar abinci. Ki ɗan yayyafa wa haɗin ruwa ya daina ƙura, iya wanda za su cinye a lokacin.

Daga Maraɗi: "Na kama zomona da asuba yana cin kashinsa. Yunwa ce? Kuma gaskiya ne zomo ba ya shan ruwa?"

Ba yunwa ba ce, ɗan'uwa, haka Allah ya yi shi. Kashi iri biyu yake yi. Akwai busassun ƙwallayen da kake sharewa, akwai kuma wani mai laushi, mai sheƙi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yake karɓa da baki kai tsaye ya haɗiye, galibi cikin dare zuwa wayewar gari. A cikinsa yake samun ƙarin furotin da bitamin B da K. Abin damuwa shi ne ka riƙa ganin wannan mai laushin a zube ko manne a bayansa, alamar hatsi ya yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan.

Maganar ruwa kuwa kuskure ne da ya kashe zomaye da yawa. Zomo na sha, uwa mai shayarwa a bazara tana iya shanye lita guda ko fiye a yini. In ruwa ya yanke mata nono ya ƙafe, wani lokaci har ta cinye 'ya'yanta. Da zafi ya haura digiri 30 zomo ke rage ci, don haka a watan Afrilu da Mayu ka mayar da babbar ciyarwa bayan la'asar.

Daga Bici: "Dusar alkama ce kusan duk abincin ɗan dukushina saboda ita ce mai sauƙi. Yanzu fuskarsa ta kumbura a saman hanci, yana ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan."

Malam, ƙashinsa ne ke zagwanyewa. Fosfaras ɗin da ke cikin dusar alkama ya ninka kalsiyam ɗinta kusan sau goma, alhali doki na buƙatar kalsiyam ya fi yawa. In aka daɗe a haka jiki sai ya koma kwasar kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su yi taushi su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, tauna ta gagara. Dukushi da goɗiya mai ciki ko mai shayarwa su abin ya fi saurin kamawa. Maganin yana gonarmu: harawar gyada da ta wake suna da kalsiyam sosai. Ka rage dusar ta koma kamar kilo ɗaya a yini, ka ba shi harawa kilo biyu tare da sauran ciyawa, ka nemi garin dutsen kalsiyam da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, likita ya auna maka gwargwadon da za ka riƙa barbaɗawa. Ɗingishin yakan yi sauƙi cikin 'yan watanni, kumburin fuskar ne ba lallai ya baje duka ba. Kada a ɗora masa sirdi kafin nan.

Daga Jos: "Zan iya bai wa doki da zomo abincin kaji na buhu?"

Doki, a'a, ko loma ɗaya. Wasu abincin kajin nama ana haɗa su da magani irin su monensin don kare kaji daga koksidiya, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa na lalata zuciyar doki ya kashe shi. Zomo ma irin waɗannan magunguna na cutar da shi, ga shi abincin kaji ba shi da kaushin da cikinsa ke nema. Ku raba ma'ajiyarsu, ku raba ko da kwanon awo.

Daga Haɗeja: "Kanwa ta wadatar wa doki ko sai da gishiri? Kuma harawata ta ɗan yi funfuna, in shanya in ba su?"

Kanwa ba ta tsaya a madadin gishiri. Doki na zubar da gishiri mai yawa a gumi, don haka a sa masa kamar cokalin cin abinci biyu a yini cikin abinci, ko a ajiye masa dunƙulen lasa. Kanwar a bar ta jefi-jefi kuma kaɗan, yawanta na sakin ciki. Ruwa kuma a lissafa jarka guda mai lita 25 a matsayin mafi ƙaranci, a bazara ko ranar aiki yana iya shan ninkin haka. Kada a zuba masa abinci a kan rairayi, yashin na taruwa a hanji ya zama ciwo.

Harawar da ta yi funfuna kuwa, shanya ba ta cire dafin. Ƙurarta na sa wa doki tari da haki, masara mai funfuna na taɓa masa ƙwaƙwalwa har ka ga yana zagaye wuri ɗaya kamar makaho, zomo kuma hantarsa ba ta jure dafin da ke cikin ruɓaɓɓiyar gyada da ƙuli-ƙuli. Ka kwance damin ka duba tsakiyarsa. Duk wanda ka gani da fari-fari ko baƙi-baƙi, ko ka ji warin ruma, ka kai shi ramin taki. Mai kyan ka ɗaga shi daga ƙasa a kan itace, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ka rufe samansa kafin ruwan farko ya sauka.