Inna na son ganin jikoki: abin da za a gama kafin a sayi tikiti

Wani ɗan'uwa ɗan ƙasar Ringim, ma'aikacin jinya a Ingila, ya aiko da tambaya: "Ina nan da iyalina a kan bizar aiki. Babban ɗana shekararsa 5, a gida aka haife shi, yana makaranta a nan. Ƙanwarsa kuma a nan aka haife ta, watanta 4. Inna ta matsa mu zo ƙauye a hutun makaranta na watan Yuli, ta ce idan na koma bakin aiki in bar mata maiɗakina da yaran har a gama girbi, yaron ya shiga makarantar allo, bakinsa ya kama Hausa. Ba na son in saɓa mata. Me zan shirya?"

Malam, Allah ya raya, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Bari mu fara da jaririyar, domin a kanta matsalar take.

Haihuwa a Ingila ba ta mayar da yaro ɗan Birtaniya. Tun 1 ga Janairu 1983 dokar ta canza: sai idan uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko yana da izinin zama na dindindin a ranar haihuwar. Kai kuwa bizar aiki ce a hannunka. 'Yarka 'yar Nijeriya ce, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta wannan haƙƙi ta wajenku. Sai dai a yanzu ba ta da fasfo, ba ta da biza. Zamanta a nan bai karya doka ba, amma ranar da kuka fita da ita, babu abin da za ta nuna a bar ta ta dawo. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba: kulawar asibiti kyauta da jaririn masu biza ke samu wata 3 ce kacal, idan ba a nema masa tasa bizar ba. Ganin likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne har yanzu, amma idan aka kwantar da ita ana iya aiko muku da takardar biya. Ke nan ko ba tafiya, lokacin neman takardun nan ya riga ya yi.

Takardun kuwa jere suke, kowace sai da ta gabanta. Ta farko takardar haihuwa, cikakkiya mai ɗauke da sunan uwa da uba, ba guntuwar nan mai sunan yaro kaɗai ba. Da ita za a yi wa yarinyar lambar NIN a ɗaya daga cikin cibiyoyin da aka ba izini a Ingila. Wanda bai kai shekara 16 ba ana jingina lambarsa da ta mahaifi ko mahaifiya. Sai da NIN za a nemi fasfon Nijeriya, a haɗa da takardar amincewar iyaye da kwafin fasfonku, a kai ta ofishin jakadanci a Landan a ɗauki hotonta. Na shekara 5 ake ba duk wanda bai kai 18 ba. Bayan fasfo ya fito sai biza a matsayin 'yarka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rubutun suna. Mu Hausawa mutum ɗaya yakan zama Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ya sa sunan garinsu a ƙarshe a nan, ya sa na kakansa a can. Kwamfutar fasfo tana gwada abin da ka cike da abin da ke cikin NIN harafi bayan harafi, kuma bambancin harafi ɗaya ya isa ya tsayar da aikin makonni. Ka ajiye takardar haihuwar a gabanka, duk fom ɗin da za ka cike ka kwafi sunan yadda yake a jikinta, har da jerin na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Idan ka shigar da neman biza, kada a fita da ita daga ƙasar sai amsa ta zo. Fita kafin amsa tamkar janye buƙatar ne, kuma amsar kan ɗauki makonni. Tunda yanzu biza a intanet take ba a kati ba, kowane ɗayanku, har jaririyar, sai an buɗe masa nasa asusu an haɗa shi da fasfon da zai yi tafiya da shi. Ka duba fasfon yaron ma. Idan yana jariri aka yi masa, to ya kusa ƙarewa ko ya ƙare. Sai duk wannan ya kammala sannan a yi maganar tikiti.

Game da watan Yuli, shawarata ku ɗage. Hutun makaranta na mako 6 yana faɗowa daidai tsakiyar damina, lokacin da kududdufai suka cika, sauro ya yi yawa, hanyoyin ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja kan yanke. A lokacin yarinyar ba ta kai wata 9 ba, shekarun da ake fara allurar shawara ke nan, ga shi Nijeriya na neman katin wannan allura daga matafiyin da ya kai wata 9, a kuma yi ta aƙalla kwana 10 kafin tashi. A Disamba kuwa ta cika shekara, an girbe gero da dawa, sauro ya ragu. Hutun gajere ne, kamar mako 2, ga ƙurar hunturu, amma ya fi Yuli sauƙi nesa ba kusa ba. Kada ka ƙara kwanaki a kai ba da izinin shugaban makaranta ba: tarar fam 80 ce a kan kowane mahaifi, ta koma 160 idan an wuce kwana 21 ba a biya ba.

Zaman da Inna ta nema, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Nuwamba, ya haura kwana 120, kuma kowa a cikinsu zai yi asara. Yaron, idan ya yi kwana 20 na makaranta a jere ba izini, ana iya cire sunansa, kuma ba lallai ya sake samun gurbi kusa da gida ba. Uwarsu, idan kuna harin izinin zama na dindindin, bai kamata ta wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 ba. Wannan zaman bai kai ba, amma ya cinye mafi yawa, alhali rashin lafiya ko rasuwa a gida ba sa sallama. Ita kuwa jaririyar ƙofa biyu gare ta ta zama 'yar Birtaniya. Ɗaya, a yi mata rajista idan ɗayanku ya samu izinin dindindin. Ɗaya kuma ba ta dogara da takardunku ba: wanda aka haifa a Birtaniya ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can yana da haƙƙin rajista, muddin bai yi fiye da kwana 90 a waje a kowace shekara ba, zaman da Inna ta nema kuwa ya haura haka. Dokokin biza sun cika canzawa, aiki ma yana iya yankewa, don haka wannan ta biyun ba abin wasa da ita ba ce. Ka riƙe lissafin nan tun yanzu, domin idan lokacin yaye ya zo za a sake cewa a kawo ta wajen kaka kamar yadda aka saba.

Ku je wajen likita ko asibitin matafiya mako 6 zuwa 8 kafin tafiya, da jan littafin rigakafin yaran. A duba ta ƙyanda, da ta mashaƙo, wadda ta addabi Kano sosai a 2023, da ta sanƙarau, tunda Jigawa na cikin yankin da yake tashi da rani. Maganin kariya daga maleriya da nauyin yaro ake auna shi, kuma yawanci saye ake yi. Malarone na yara kullum ake sha: a fara kwana 1 ko 2 kafin tashi, a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa. Akwai na mako-mako, wanda ake farawa mako 2 zuwa 3 kafin tafiya a ci gaba mako 4 bayan dawowa. Wanda uwa ta sha ba ya kare mai shan nono. Ku ma manya ku sha. Juriyar da kuka tashi da ita a ƙauye tana raguwa bayan an daɗe a ƙasar da ba sauro. Ku tafi da gidan sauro mai magani, a soke gefensa ƙarƙashin katifa tun kafin magariba, domin hirar tsakar gida a kan tabarma ita ce lokacin cizo.

Ruwan randa, na rijiya ne ko na burtsatse, a tafasa wa yara. Idan gudawa ta zo, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan a kan hanyar asibiti. Ka san tun farko mai motar da za a kira da dare zuwa babban asibitin Ringim.

Maganar wanzami kuwa kai za ka yi ta da bakinka, kada ka bar wa maiɗakinka, domin suruka ba ta iya ja da uwar miji. Za a ce yarinyar ba a yi mata komai ba ranar suna, a kira wanzami ya cire beli, ya duba angurya. Cire beli yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Taɓa gaban 'ya mace da aska, kome ƙanƙantarsa, kaciyar mata ce a dokar Ingila ta 2003, ko da a Nijeriya aka yi, hukuncinta kuma ya kai ɗaurin shekara 14. Dokar Nijeriya ta 2015 ma ta hana. Kaciyar yaron, idan ba a yi ba, sanyin Disamba lokacinta ne a ƙauye, amma mako 2 ya yi kaɗan a yi, a warke, a hau jirgi.

Inna ba takarda take nema ba, jikokinta take so su san ta. Ka gaya mata gaskiya cikin ladabi: "Inna, idan suka daɗe hukuma za ta rufe wa yarinyar hanya, amma insha Allahu bayan girbi muna tafe gaba ɗaya." Ka saka wa wani ƙaninka data, a tsayar da rana ɗaya a mako ta kiran bidiyo, da bazarar Ingila agogonku ɗaya da gida, da sanyi Nijeriya na gaba da awa ɗaya. Hausar yaron kuma a ɗakinku za ta zauna: ku yi masa Hausa zalla ko da Turanci yake amsawa, ya koyi durƙusawa ya ce "Ina kwana, Inna" kafin ya je. Idan da hali, a nema wa Inna bizar ziyara, wadda ke ba da zama har wata 6.

Bayan kun dawo, duk zazzaɓin da ya kama ɗayanku cikin shekara guda, musamman wata 3 na farko, ku je asibiti a ranar. Ku faɗa tun a bakin ƙofa cewa daga Nijeriya kuka dawo, ku nemi gwajin jini na maleriya, domin a lokacin sanyi likitan Ingila mura zai fara zato.