Koyon sitar a Indiya da zaren da malamin kiɗa zai ɗaura min

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne ina karatun haɗa magunguna a Lakno ta Indiya, kaɗaici yasa na fara zuwa gurin wani dattijo mai koyar da sitar, wato kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya, yanzu wata huɗu kenan har na fara iya raga Yaman, wato ɗaya daga cikin salon karin kiɗansu. Yace ranar bikin 'yan Hindu na Basant Pancami zai ɗaura min zare a hannu in zama almajirinsa, zamu ajiye sitar ɗin gaban gunkin Saraswati in taɓa ƙafarsa. Abokina yace Ibn Hazm ya halatta kiɗa, kuma manyan makaɗan sitar ɗin ma musulmi ne. Meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai kana tambaya akan tsirkiya, ni kuwa ranar nan da ka ambata ce ta tsaya min a rai. Saraswati a gurinsu abar bauta ce ta ilimi da kiɗa, kuma ajiye kayan kiɗa a gabanta ranar Basant Pancami neman albarkarta ne, ba ado bane. Wannan ba wajen saɓani bane, kada kaje, ko da a zuciyarka kace al'ada ce kawai. Sunkuyawa ka taɓa ƙafa ma bari, ko gaban shehin malami ne an hana. Zaren shi kaɗai, wanda suke kira ganda, alƙawari ne tsakanin malami da almajiri, amma in an ɗaura shi gaban gunki ya bi hukuncin gurin.

Kiɗan tsirkiya kuwa mazhabobi huɗu sun hana, ka sani tun a makarantar allo.

Toh sai maganar abokinka. Ibn Hazm, malamin Andalus wanda ya rasu 456 bayan hijira, ya dogara ne akan cewa hadisin ma'azif na Bukhari, wato wanda ake kafa hujja dashi akan hana kayan kiɗa, yankakke ne, don Bukhari yace "ƙala Hishamu bin Ammar" bai ce "haddasana" ba. Amma ai Hisham malamin Bukhari ne, sun haɗu ya ji daga gareshi, kuma Bukhari ba mai tadlisi bane, wato baya ɓoye wanda ya ji hadisi daga gareshi, sannan Ibn Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi duk sun kawo shi da isnadi a haɗe, shi yasa Ibnus Salah da Ibn Hajar suka ce ya yi kuskure anan. Kuma mu ɗauka ma yayi daidai, Ibn Hazm ɗin da kake so ka fake dashi, da ya ganka tsugune gaban gunki da duman sitar a cinya shi zai fara ja maka kunne. Batun manyan makaɗa irin su Ustaz Vilayat Khan da Allauddin Khan na Maihar, wanda ya koyar da shahararren makaɗin sitar Ravi Shankar, eh musulmi ne, sai dai aikin musulmi ba hujja bane, gwanintar yatsa kuma ba fatawa bace.

Wani abu da baka tambaya ba. Zaka ji suna cewa ragar Malhar na saukar da ruwa, ragar Dipak na kunna wuta, kada harshenka ya saba da wannan ko da wasa, ruwa Allah ke saukarwa. Sannan Yaman ɗin nan raga ce ta faɗuwar rana, daidai magariba, kuma shimfiɗar farko kaɗai da suke kira alap tana iya cin rabin awa, ka faɗa wa kanka gaskiya magariba nawa ta wuce ka cikin wata huɗun nan.

Dattijon kuwa kada ka zagi abin bautarsa, kaje har gida da ɗan tsaraba ka gode masa kace addininka bai baka dama ba. Kaɗaicin ma na gane shi, Lakno cike take da masallatai da masu karatun Alƙur'ani da murya mai daɗi, nemi ɗaya ka kai masa tajwidinka, kunnen da ya iya bambance Yaman cikin wata huɗu ba zai sha wahalar madda da gunna ba. Ka kuma kira mahaifinka a satin nan. Wallahu a'alam.