Za a Gina Filin Wasa Kusa da Mu: Yaya Za Mu Ɗaure Kamfani da Alkawarinsa?

Tambaya: Malam, shekara 14 ke nan ina sayar da tsire a bakin titi a Agege. Mun ji wani kamfani zai gina filin ƙwallo a kusa da mu, wakilansa sun zo sun gaisa da manyanmu, sun ce za su ɗauki yaranmu aiki. Akwai hanyar da za mu riƙe su a kan maganarsu?

Amsa: Malam, hanya akwai, amma sai an rubuta. Ita ce yarjejeniyar amfanin al'umma, wadda kamfani ke sa wa hannu tare da ƙungiyoyin unguwa, su kuma su janye adawarsu ga aikin. Wadda ta fi shahara ita ce ta 2001 a birnin Los Angeles na Amurka, lokacin da za a faɗaɗa gine-gine a kewayen filin wasa na Staples Center: kamfanin ya amince kashi 20 cikin 100 na gidajen da zai gina su zama masu rahusa, ya ware dala miliyan 1 don wuraren shaƙatawa, sannan ya fifita 'yan unguwa wajen ɗaukar aiki.

A Najeriya doka ta wajabta irin wannan yarjejeniya ga masu haƙar ma'adinai tun 2007, amma filin wasa bai shiga ciki ba. Abin da ya fi damuna game da irinku shi ne dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, diyya kuma ana biyanta ne a kan gini ko amfanin gona ga mai haƙƙin wurin. Mai tukuba da tebur da 'yar rumfar kwano, wanda haya yake biya ko kuɗin tikiti, sau da yawa ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Saboda haka takardar da kuka cimma da kamfanin ce kaɗai za ta ambaci sunanku.

Ku kula da wanda zai sa hannu. A 2006 an yi irin wannan a kan sabon filin wasa na Yankee da ke New York, amma 'yan siyasa ne suka sa hannu, kuma an yi ta sukar cewa ba a ji ta bakin mazauna wurin ba. Ku je wurin Sarkin Hausawa cikin ladabi, ku roƙi a sa ƙungiyar 'yan kasuwarku mai rajista a cikin masu sa hannu, ku kuma haɗa kai da maƙwabtanku Yarabawa ta ƙungiyar raya unguwa, domin ambaliya da cunkoson ranar wasa kowa zai shafa.

Kada ku karɓi kalmar "za mu yi ƙoƙari". A rubuta yawan rumfunan da za a ba ku a harabar filin, kuɗin hayarsu, inda za ku zauna lokacin gini, da abin da zai biyo baya idan an saɓa. Ku nemi lauya tun yanzu, kafin gwamnatin Legas ta ba da izinin gini, domin a wannan lokacin ne kamfanin yake buƙatar yardarku.