Ma'aunin h kaɗai ya isa in zaɓi malamin da zai duba bincikena?

Tambaya: Malam, ina neman wanda zai duba mini aikin digirin digirgir kan furotin da ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa. Mutum biyu ne a gabana. Na farko ma'aunin h ɗinsa 45 ne a Google Scholar, ta biyu kuwa 18. Na farkon ya fi ta ke nan?

Amsa: Ba lallai ba ne. Jorge Hirsch ne ya ɓullo da wannan ma'auni (h-index) a 2005, kuma 18 na nufin tana da maƙaloli 18 da aka ambaci kowacce a cikin wasu maƙaloli aƙalla sau 18. Lambar tana hawa ne da daɗewa, shi ya sa Hirsch ya ba da shawarar a raba ta da shekarun da mutum ya yi yana wallafa. Idan shi ya yi shekara 30, ita 9, nasa 1.5 ne, nata 2. Kada kuma ka gwada lambar Google Scholar da ta wasu rumbunan ƙirga ambato irin su Scopus ko Web of Science, domin Scholar yana ƙirga har da kundin ɗalibai da maƙalolin da masana ba su tantance ba, kamar waɗanda ake sakawa a shafin bioRxiv.

Abin da ma'aunin bai gani ba shi ne matsayin suna a jerin marubutan maƙala. A wannan fanni sunan farko yawanci na wanda ya yi gwajin da hannunsa ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin gwaji. Wanda sunansa ke tsakiyar marubuta arba'in, saboda ya ba da ɓeraye ko naman ƙwaƙwalwa, yana kwasar ambato daidai da su. Ka ware maƙalolin da yake na farko ko na ƙarshe, ka sake ƙirgawa. Ka ware na bita da na dabarun aiki ma, don su ake ambata ba ƙaƙƙautawa. Maƙalar Hamill da abokansa ta 1981, kan auna wutar da ke ratsa fatar tantani, duk mai amfani da dabarar sai ya ambace ta. Aiki ne mai girma, amma ba a gwada shi da binciken furotin guda da ɗakunan gwaji kaɗan ke bibiya.

Yawan ambato kuma ba shaidar inganci ba ne. Maƙalar da mujallar Nature ta buga a 2006 kan wani nau'in furotin mai suna Aβ*56 da cutar mantuwa ta Alzheimer an ambace ta fiye da sau 2,000, sannan aka janye ta a 2024 saboda an jirkita hotunan sakamakon. Don haka ka nemi sunan kowanne a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci, da Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalolin da aka janye.

Don kwatanta tsakanin fannoni, shiga shafin iCite na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka. Ma'auninsa na RCR yana gwada yawan ambaton maƙala da na takwarorinta, 1.0 shi ne matsakaicin ayyukan da NIH ta ɗauki nauyi. Maƙalar bara ko ta bana kada ka yi mata hukunci tukuna, ambato yana ɗaukar shekaru.

Ni a ganina, tun da malami kake nema, ɗauko maƙalolinsu na shekara biyar da suka wuce. Duba ko ɗalibansu ne ke sahun farko, da ko wasu ɗakunan gwaji da ba su da alaƙa da su sun maimaita sakamakon. Buɗe maƙaloli goma daga cikin masu ambatonsu, ka ga ko an gina gwaji a kan aikin, ko kuwa an saka sunan ne kawai a gabatarwa.