Amsa ga mai tambaya kan yayansa matuƙin jirgin yaƙi da ke son karanta lauya

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce yayanka ya tuƙa jirgin yaƙi a Arewa maso Gabas, yanzu ya haura arba'in yana son ya ajiye kaki ya karanta lauya, burinsa ya yi aiki a jami'a, su Hajiya kuma suna ganin ɓata lokaci ne. Ni a ofishin lauyoyin wata jami'a nake aiki, kuma na zauna ɗaki ɗaya da wani tsohon hafsan sojan sama da ya bi wannan hanyar, don haka bari in ce wani abu.

Maganar shekaru dai ku cire ta. Bayan yaƙin duniya na biyu dubban sojojin Amurka makaranta suka koma da tallafin dokar GI Bill ta 1944. Nicholas Katzenbach, wani sojan saman Amurka, shi ke nuna wa jirgin yaƙi samfurin B-25 hanya, aka harbo su a 1943, ya yi zaman fursuna a hannun Jamus yana ta karatu, ya fito ya karanta lauya a Jami'ar Yale, ya koyar a can da Chicago, a 1963 shi gwamnati ta tura Jami'ar Alabama ya tsaya gaban gwamnan jihar, George Wallace, wanda ya tare ƙofa, don baƙaƙen ɗalibai biyu su samu shiga.

A nan gida kuwa digirin shekara 5 ne, in yana da wani digiri zai iya shiga aji biyu, sannan makarantar horar da lauyoyi ta Bwari ko Bagauda ko wani reshen. Don Allah ya tabbatar hukumar ilimin lauyoyi ta amince da tsangayar kafin ya biya ko sisi.

Inda wahalar take shi ne hali, wallahi. Abokin aikin nan nawa ba na jin na taɓa ganin mai tsari irinsa, takardar kwangila ko ta fili sai ya bi ta layi-layi kamar yadda ya saba duba jirgi kafin tashi, ya sha ceto jami'a daga asara. Amma farkon zuwansa in aka kawo ɗalibin da aka kama da satar amsa, a ganinsa magana ta ƙare, a kore shi kawai. Aikin ba haka yake ba, sai an rubuta wa yaro tuhuma, an ba shi lokaci, an saurare shi, wanda ya kawo ƙarar kuma bai zauna cikin masu hukunci ba. Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986 saboda rashin sauraro na adalci, har gobe da ita lauyoyin ɗalibai ke zuwa mana. Ga ƙungiyar malamai, ga majalisar jami'a, babu wanda za ka ba oda, sai lallashi da shawara a rubuce, wani sa'in ma a ƙi ɗauka.

Albashin ma ka gaya masa ba na a zo a gani ba ne, fanshonsa ne zai riƙe gida shekarun karatun. Ya samu lauyan wata jami'a kusa da ku ya roƙi ya riƙa bin sa zaman kwamitin ladabtarwa da kotu kafin ya cike fom.