Tambaya da Amsa: Ina Ake Samun Kayan Gyaran Tsohuwar Bindiga Mai Ƙanƙara?

TAMBAYA: Na gaji bindigar kakana, irin mai tashi da ƙanƙara. Ƙarfen da ke danne ƙanƙarar ta sama ya ɓace tare da ƙusarsa, babban sifirin na ciki kuma ya karye gida biyu. A gindin bututun akwai haruffa ELG. Ina zan samo waɗannan kayan? (Mai karatu daga Katsina)

AMSA: Allah ya jiƙan kaka, Malam. Kafin batun kaya, ka tabbatar babu ɗuri a cikinta. Magabata kan jingine bindiga a ɗure, kuma baƙin albarushi na iya shekara ɗari bai mutu ba. Ka juya bakinta inda babu kowa, ka zura siririyar sanda har ta tsaya, ka yi alama daidai baki, sannan ka zaro ta ka ɗora a bayan bututun. In ƙarshen sandar ya kai 'yar hudar wuta da ke gefe, babu komai. In ya rage inci ɗaya ko fiye, akwai ɗuri. Kada ka kai ta kusa da wuta. Ka zuba mai ta baki ya jiƙa abin da ke ciki, ka bar wa gwani ya zaro shi.

Haruffan ELG ɗin nan shaidar gwajin ƙarfin bututu ce ta birnin Liège na ƙasar Beljiyam, ana buga su cikin da'ira mai siffar ƙwai tun farkon ƙarni na 19. In akwai kambi a saman da'irar, daga 1893 zuwa sama aka yi ta, domin maƙeran Liège sun ci gaba da ƙera masu ƙanƙara saboda kasuwar Afirka bayan Turai ta daɗe da barin su. Hatimin Birmingham ta Ingila, wadda aka kafa gidan gwajinta a 1813, sanduna biyu ne a gicciye da kambi. Sanin garin da aka yi ta shi ne zai nuna maka siffar abin da za ka nema.

Sai dai ka cire rai da samun abin da za ka sayo ka ɗaura kawai ya zauna. Da hannu aka gyare kowace ƙusa da kowane sifirin don farantin da suke kai, wato ƙarfen gefen bindiga da ake ɗaura su a jikinsa, har bindigogi biyu na shago ɗaya ba lalle kayansu su shiga juna ba. Zaren ƙusa ma sai a 1841 Joseph Whitworth ya fito da ma'auni guda a Ingila, kuma ba kowa ya bi nan take ba. Shi ya sa noti na kasuwa ba ya shiga, in an matsa masa sai ya cinye zaren ramin.

Hanyoyi uku ne. Mafi kyau ita ce matacciyar bindiga irin taka, wadda bututunta ya fashe ko gara ta cinye katakonta amma farantin gefe na nan; a gidajen tsofaffin mafarauta da 'yan bindigar fada ake dacewa da irinsu. Ta biyu, kamfanoni irin The Rifle Shoppe da Track of the Wolf a Amurka suna sayar da kwaikwayon kayan da aka zuba a zubi, amma ɗanye suke zuwa, sai an goge da magagari, an huda, an ba su tauri, ga batun izinin shigo da su. Ta uku, wadda muka fi ba ka shawara, maƙeri mai izinin gyaran bindiga ya ƙera maka. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 adaka da mai ƙanƙara suna cikin bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kuma sana'ar gyaransu sai da izinin 'yan sanda.

Ka tafi masa da farantin gaba ɗaya da gutsattsarin sifirin biyu, kada ka yar da ko ɗaya, su ne ma'auni. Walda ba ta gyara sifirin, zafinta na kashe taurin ƙarfen, ya sake karyewa a wurin. Sabo ake yi da ƙarfen sifirin mota: a buge shi, a lanƙwasa, a goge da magagari a tsawonsa ban da a gicciye, domin kowane zane na gicciye mafarin tsagewa ne. Sai a gasa ya yi ja a tsoma cikin mai, a goge shi fes, a sake ɗumama shi sannu har ya koma shuɗi. In an tsallake wannan na ƙarshe, ɗanawar farko zai ɓalle. Ka ce a yi shi da ɗan laushi fiye da na asali, don ƙarfe mai haƙora biyun da yake turawa ya tsufa, sifirin mai ƙarfi na iya ɓare masa haƙori. Ƙarfen danne ƙanƙara aiki ne mai sauƙi. Ƙusar ce za a yanka wa zare daidai da tsohon rami, ban da faɗaɗa ramin.

TAMBAYA: Tawa komai nata na nan, amma in na ja kunama ba ta ba da tartsatsi. Me ya lalace? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Fara da ƙanƙarar, Malam. Ta dushe ne, ko tana rawa don babu fata ko dalma da aka naɗe ta. Faɗinta ya zo daidai da fuskar ƙarfen da take kafta, kusan inci ɗaya a manyan bindigogi, kuma ta sauka a kashi ɗaya bisa uku daga sama, ta karto ƙasa. Baƙaƙen ƙanƙara na garin Brandon ne a Ingila, masu ruwan zuma na Faransa. In ƙanƙara lafiya take, ɗora magagari a gefen fuskar ƙarfen: in ya zame, da sauran tauri, in ya ci, taurin ya ƙare, domin a fatar sama kaɗai yake. Maƙeri na iya manna masa siririn ƙarfe mai tauri a fuska. Kada kuma ka riƙa sakin kunama babu komai a bakin mariƙin ƙanƙarar, wuyansa ke tsagewa. Sa guntun katako.

TAMBAYA: Tsatsa ta cije ƙusoshin. In sa ruwan batir? (Mai karatu daga Kumasi)

AMSA: A'a. Ruwan batir da sanfefa da injin gurza duk suna share hatimi da tarihin bindigar. Ɗiga kananzir a kan ƙusoshin safe da yamma na mako guda, ka gyare bakin sukurudireba da magagari har ya cika tsagar ƙusar tam, ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa. Tsatsa ja kuwa, mai da guntun tagulla sun isa kankare ta. Baƙin da ke ƙasa a bar shi, kariya ce. Kada man ya taɓa katako, yana ruɓar da shi. Kakin zuma ake shafa masa. Duk abin da aka cire, a ƙulle shi a ƙyalle da rubutun inda ya fito.

TAMBAYA: Bayan gyara zan iya buga ta ranar hawan Sallah? (Mai karatu daga Zariya)

AMSA: Ba mu yarda ba, Malam, ko da babu harsashi. Ragowar albarushi na jan laima, tsatsa ta ci gindin bututu ta ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma daidai nan hannunka da fuskarka suke. Da yawan bindigogin fatauci ƙarfensu tun asali mai arha ne, naɗe shi aka yi aka haɗa bakinsa da wuta. Ka rataye ta a bango marar laima, nesa da hannun yara, ka duba ta da mai kafin damina da bayanta. In kana son sanin shekarunta, kai hotunan hatiman wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama a Kano.